Game da taɓa abu ɗaya a cikin zanen da aka jingina da XREF

Assalamu alaikum, Injiniya. Na ga tambayarka: ka jingina zanen mai zanen gini cikin naka da XREF (hanyar nuna zanen wani fayil a cikin naka) a manhajar zane ta AutoCAD, kuma duk layin da ka latsa sai zanen gaba ɗaya ya haskaka, alhali kai bango ɗaya ko ƙofa ɗaya kake so. Na ga kuma an ba ka shawarar ka yi Bind, wato ka haɗe shi cikin fayil ɗinka, sannan ka farfasa shi da EXPLODE. Don Allah dakata da wannan tukuna. Na daɗe ina zanen famfo da lantarki a kan zanen wasu, kuma kusan kullum akwai hanyar da ta fi wannan lafiya.

Abin da kake gani ba matsalar kwamfutarka ba ce, haka aka gina abin. Zanen aro, wato zanen da ka jingina da XREF, ba ya cikin fayil ɗinka. Abin da ke ciki shi ne adireshin inda yake, da wurin da ka dasa shi, da girmansa, da juyinsa. Duk lokacin da ka buɗe zanenka, AutoCAD ya je ya karanto shi daga tushe, ya nuna maka shi a dunƙule, abu guda. Shi ya sa idan mai zanen ya matsar da taga yau, gobe ka tarar ta matsa a wajenka. Danna Ctrl kafin ka latsa ma ba ya shiga ciki, wannan na zaɓar sashen layin PLINE ne ko fuskar abu mai jiki a cikin zanenka.

To abin da ya kamata ka fara tantancewa shi ne me za ka yi da layin idan ka same shi, domin kowace buƙata da ƙofarta.

Sau da yawa mutum awo kawai yake so, ko ya ɗora nasa layin a kan na ciki. Wannan ba ya buƙatar zaɓen komai. OSNAP, mai manne maka linzami daidai kan wuri, yana kama ƙarshen layi da tsakiyarsa da mahaɗar layuka da cibiyar da'ira a cikin zanen aro kamar naka ne. DIST yana aiki, DIMLINEAR yana aiki, DIMRADIUS zai karɓi bakan da ke ciki idan ka latsa shi. TRIM da EXTEND suna ɗaukar layin zanen aro a matsayin iyaka, wato za ka iya yanke bututunka daidai fuskar bango ba tare da ka kwafo bangon ba. HATCH ma, idan ka latsa tsakiyar ɗaki, zai gane bangon da ya kewaye shi muddin babu kafa. Wanda na fi so a nan shi ne BOUNDARY: ka latsa cikin ɗaki, ya zana maka rufaffen layi naka na kanka, daga nan ka karanta girman filin ɗakin (Area) a Properties ko ka yi masa OFFSET. Na ambaci OFFSET ne domin shi ne ke ƙin karɓar layin zanen aro kai tsaye, kuma yawancin masu irin tambayarka a nan suka maƙale.

In kuwa so kake ka san kan wace leya (layer, rukunin da ake ware abubuwan zane a kai) abin yake, akwai XLIST cikin Express Tools, ƙarin umarnin da ke zuwa da cikakken AutoCAD. Ka latsa layin, ya gaya maka irinsa, da leyarsa, da launinsa, da nau'in layinsa. Sunan leyar zai zo da sunan fayil a gaba da sanda a tsakani, kamar BENE1|BANGO. Wannan sandar ita ce shaidar cewa leyar ba taka ba ce. Za ka iya kashe ta, ko ka daskarar da ita, ko ka canza mata launi a wajenka, amma ba za ka iya yin zane a kanta ba.

Wannan ya kawo mu ga masu son ɓoye wani abu, kujeru ne ko rubutun mai zanen da ya cika ido. LAYFRZ ko LAYOFF, ka latsa kujerar, leyarta ta tafi. Idan ka ga bai yi yadda kake so ba, shiga Settings ɗin umarnin, ƙarƙashin zaɓen bulok (block, abubuwan da aka dunƙule su zama guda) ka sa Entity, sai ya bi leyar ainihin abin da ka taɓa ko da yana cikin bulok a cikin zanen aron. Ka tabbata saitin VISRETAIN yana kan 1, in ba haka ba duk leyoyin da ka kashe za su dawo da zarar ka sake buɗe zanen. Wani lokaci ka canza launin leya amma layin ya ƙi canzawa. Mai zanen ne ya ba shi launi kai tsaye maimakon ByLayer, wato bin launin leya. Tun fitowar 2016 akwai XREFOVERRIDE, ka sa shi 1 sai komai ya bi launin leyarsa a wajenka. Idan kuma yanki ne guda kake son ya bayyana, ɗakin girki kaɗai misali, XCLIP zai yanke maka abin da ake gani ba tare da ya taɓa fayil ɗin asali ba.

Yanzu ga wadda nake jin ita ce ainihin buƙatarka, wato kwafo abin ya zama naka. Umarnin shi ne NCOPY. Da can yana cikin Express Tools, daga fitowar 2012 aka mayar da shi cikin ainihin manhajar. Ka rubuta shi, ka latsa layin da kake so a cikin zanen aro, za ka ga shi kaɗai ya haskaka. Ka ƙara latsa wasu in kana so, ka danna Enter. Zai tambaye ka wurin ɗauka. Idan so kake kwafin ya zauna daidai kan na asali, ka danna Enter sau biyu, ya tsaya inda yake. Daga nan layin naka ne, ka yi masa OFFSET, ka tsawaita shi, ka mayar da shi leyarka.

Abu biyu za ka lura da su. Na farko, ɗaya bayan ɗaya yake karɓa, ba ya yarda ka ja akwati ka kwashe da yawa. Layi biyar ko goma babu damuwa, amma matakalar bene mai layuka barkatai za ta gajiyar da kai. Na biyu, kafin ka fara latsawa ka duba Settings, akwai Insert da Bind. Bind yana jawo leyar da dogon suna, BENE1$0$BANGO, kuma in ka yi haka a zane uku ko huɗu jerin leyoyinka zai cika da sunayen da ba ka san ranar share su ba. Ni a Insert nake barinsa, kuma da zarar na kwafo sai in mayar da abin kan wata leya tawa da na ware domin kwafe-kwafe kawai, wadda ba a buga ta a takarda. Dalili shi ne kwafin ya riga ya yanke hulɗa da tushensa. Mai zane zai matsar da bangonsa, kwafinka yana nan inda ka bar shi. In yana kan leya ta daban, kallo ɗaya za ka ga inda suka rabu.

Idan abubuwan suna da yawa, XOPEN ya fi. Ka latsa zanen aron, ya buɗe maka ainihin fayil ɗin a wani shafi, ka zaɓi abin da kake so da akwati ko da QSELECT, ka yi COPYBASE da 0,0, ka rufe ba tare da ka adana ba, ka dawo naka ka manna a 0,0. Amma a nan akwai tarko. Wannan yana faɗawa daidai ne kawai idan an dasa zanen aron a 0,0, girmansa 1, juyinsa 0. Idan an juya shi don ya dace da filin, ko shi an zana shi da milimita kai kana aiki da mita, abin da ka manna zai faɗa wani wuri can, ko ya zo ya ninka girmansa sau 1000. Ka latsa zanen aron ka duba waɗannan lambobi a Properties tun kafin ka fara. NCOPY ba shi da wannan matsalar, domin yana ajiye kwafin a inda idonka yake ganin abin.

Sai REFEDIT, umarnin gyara zanen aro daga cikin naka, wanda zan ɗan daɗe a kansa, domin shi ne ya fi kama da abin da ka tambaya kuma shi ne ya fi haɗari. Yana nan tun AutoCAD 2000. Latsa zanen aro sau biyu ma shi yake buɗewa, shi ya sa mutane ke faɗawa cikinsa ba da niyya ba. Zai nuna maka jerin zanen da bulok-bulok ɗin da ke cikinsa, da zaɓi biyu a ƙasa: ko ya ɗauko komai, ko ya bar ka ka nuna abin da kake so. Ɗauki na biyun, musamman in zanen babba ne. Abin da ka nuna zai fito sarai, sauran su dusashe. A nan kam za ka iya latsa kowane layi shi kaɗai, ka ga tsawonsa, ka ga faɗin rufaffen layi, ka ja akwati, duk abin da ka saba.

Amma ka sani cewa a wannan lokacin hannunka yana cikin fayil ɗin wani. REFCLOSE zai tambaye ka Save ko Discard. In ka ce Save, duk abin da ka goge ko ka matsar an rubuta shi cikin zanen asali, kuma duk wanda ya jingina wannan fayil, mai ƙarfe da mai lantarki da mai lissafin kaya, zai gan shi haka. Akwai ma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Idan ka cire abu daga rukunin aikin, wato abubuwan da ka nuna wa REFEDIT, da umarnin REFSET sannan ka adana, abin ya bar zanen asali ya koma naka. A allonka ba za ka ga bambanci ba, bangon yana nan, amma a wajen kowa ya ɓace. Haka nan in ka ƙara naka layin cikin rukunin, ya bar zanenka ya shige nasu. Saboda haka in kallo ko awo ya kai ka, fita da Discard. In gyara ne, kuma zanen ba naka ba ne, ka kira mai shi ka gaya masa. Idan kai ne mai zanen da ake jinginawa kuma ba ka son a riƙa shiga ta wannan ƙofa, ka sa XEDIT ya zama 0 a cikin fayil ɗin, REFEDIT ba zai buɗe shi ba.

Wani lokaci REFEDIT zai ce fayil a kulle yake. Yawanci wani ne ya riga ya buɗe shi, ko kuma wani ya jingina shi alhali saitinsa na XLOADCTL yana kan 1, wanda ke riƙe ainihin fayil ɗin. A kan 2 kwafi yake lodawa, ya bar na asali a sake. A ofishin da mutane da yawa ke aiki kan gini ɗaya, ya kamata kowa ya kasance a kan 2.

Na dawo kan Bind da EXPLODE. Gaskiya ne suna aiki: Bind ya mayar da zanen aro bulok, EXPLODE ya wargaza shi, kowane layi ya taɓu. Amma ka sayar da akuyar da ke ba ka nono ne don ka sayi ƙwarya. Na ga wannan da idona a wani aikin bene da muka yi. Abokin aikinmu ya yi haka don ya samu layin bangon banɗaki, ya ci gaba da zana bututunsa. Daga baya mai zanen gini ya matsar da bangon da milimita 300 don ya faɗaɗa baranda, ya aiko sabon fayil. Zanen kowa ya sabunta, nasa bai motsa ba, kuma babu wata alama da ta gargaɗe shi. A takarda komai ya yi kyau. Sai da aka zuba dakali aka ga bakin bututun ya fito a tsakiyar hanyar wucewa, aka dawo ana fasa kankare. Abin ya dame ni ƙwarai, domin layi biyu kacal yake buƙata tun farko, kuma NCOPY zai ba shi su cikin daƙiƙa kaɗan. Inda Bind yake da amfani shi ne ranar da aiki ya ƙare za a ajiye shi, ko za a aika wa wanda ba ya iya haɗa fayiloli. Ko a nan ma a kan kwafi ake yi, kuma ETRANSMIT yana tattara zanen da duk abin da ya jingina cikin ƙunshi ɗaya ba tare da an farfasa komai ba.

Tunda na ce a bar zanen aro da ransa, ya kamata ka san lokacin da ya canza. AutoCAD yana fito da ɗan saƙo a kusurwar ƙasa idan an adana sabon gyara a tushen, kada ka rufe shi ka wuce, ka yi Reload. Daga fitowar 2021 akwai XCOMPARE, wanda ke nuna maka da launi abin da aka ƙara da abin da aka cire. Bayan kowane Reload nakan kunna leyar kwafe-kwafen nan tawa in bi ta da ido.

Idan abin da ka jingina PDF ne ba DWG (fayil ɗin zane na AutoCAD) ba, NCOPY da REFEDIT ba su da aiki a kansa. OSNAP zai kama layukansa in dai daga manhajar zane aka fitar da shi ba hoton takarda ba ne, kuma tun 2017 PDFIMPORT yana mayar da yankin da ka nuna ya zama layuka na gaske. Ka auna wani tsawo da ka sani kafin ka yarda da girmansa. Ga masu rubuta AutoLISP kuma, yaren da ake ƙirƙirar sababbin umarni da shi a AutoCAD, nentsel shi ne ke shiga cikin zanen aro ya dawo da ainihin abin da aka latsa, inda entsel yake tsayawa a bakin ƙofa. Da shi ake rubuta ƙananan umarnin da ke yin OFFSET kai tsaye daga bangon aro.

Ka gaya mana wace shekarar AutoCAD kake amfani da ita, cikakke ne ko LT, wato ƙaramin nau'insa, da abin da za ka yi da bangon bayan ka same shi, domin ba duk umarnin nan ne ke cikin kowane ba, Express Tools musamman. In OFFSET ne kawai, fara da NCOPY a kan Insert, Enter sau biyu, ka mayar da kwafin leyarka.