Amsa ga Malam Sakatare kan wasiƙar neman tallafi

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Sakatare, na saurari tambayarka ta daren jiya, inda kake mamakin yadda gidauniyar da muka rubuta wa muna neman buhunan gero domin marayun unguwarmu ta mayar mana da cewa ba ta ba da abinci. Ni ma abin ya dame ni, domin ranar Juma'a na ga yara uku a zauren Mai Unguwa sun zagaye kwanon tuwo ɗaya. Sai dai amsar tana cikin asalin waɗannan gidauniyoyi.

A Amurka aka fara tsarin nan da muke gani yau. A 1907 wata mata, Margaret Sage, ta ware dala miliyan 10 daga gadon mijinta ta kafa Gidauniyar Russell Sage domin kyautata rayuwar talakawa, amma akasarin kuɗin sun tafi ne ga binciken abin da ke haddasa talauci da kuma inganta aikin masu kula da jin daɗin jama'a. Daga cikin manyan attajiran Amurka, Carnegie ya kafa tasa a 1911, Rockefeller a 1913, Ford kuma a 1936. Dukkansu dabararsu ɗaya ce: a ajiye uwar kuɗi ana juya ta, ribar kuma a kashe ta a kan tushen matsala sau da yawa ta hannun ƙungiyoyin da ke da rajista da littafin lissafi. Shi ya sa da gidauniyoyin Ford da Rockefeller suka waiwayi yunwa a ƙasashenmu, cibiyar binciken noma ta IITA suka kafa a Ibadan a 1967, wadda ta fitar da ingantattun irin wake da masara.

Abin da nake so mu lura da shi, 'yan uwa, shi ne mun riga su sanin wannan hanya. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, kuma wannan shi ne waƙafi.

Saboda haka ina roƙon dattawanmu na nan Katsina, a zaman ranar Asabar bayan La'asar mu tattauna batun shaguna biyun nan na jikin masallaci, ko za a mayar da su waƙafi, kuɗin hayarsu ya riƙa sayen geron yaran duk wata. Malam Sakatare, don Allah ka taho da littafin lissafin ƙungiya.