Ta ina za a fara bayan rikici?

Ka ce mutanenku sun dawo gida ba jari, kasuwa ta mutu, ta ina za a fara?

A ganina ku kafa ƙungiyar ajiya da bashi: mutum 15 zuwa 25, kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa duk mako a akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban. Ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara tsarin a Nijar a 1991. Amma a fara magance yunwa, in ba haka ba jarin a ciki zai ƙare. Kada kuma kowa ya faɗa sana'a ɗaya.

Gonar da ake zargin akwai nakiya, don Allah kada a taka sai ƙwararru sun duba. Wanda firgici ya hana barci a kai shi ga likita.