Feshin Seramik: Wanne Ya Fi Daɗewa a Jikin Mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi baƙar mota, an ce in yi mata feshin seramik. A kanti na ga na Turtle Wax da na Meguiar's. Wanne ya fi daɗewa, kuma yana hana fenti karcewa? Mai karatu daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maganar karce dai ka cire ta a ranka, ba ya hanawa. Abin da ke cikin kwalbar sinadarin silika ne, mai barin siririn rufi a kan fenti, ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa, datti kuma ya rage kamawa.

Biyun da ka gani aikinsu daban. Meguiar's Hybrid Ceramic Wax ana iya fesa shi a jiƙaƙƙiyar mota a ɗauraye da ruwa mai ƙarfi, haka ma Gyeon WetCoat, feshin wani kamfanin daban. Akwai sauƙi, amma sai ana sabuntawa a kai a kai. Turtle Wax Hybrid Solutions Ceramic Spray Coating a busasshiyar mota ake shafa shi, kuma ya fi zama. Kamfanin ya ce yana kai shekara 1. Motar da ke wuni cikin zafin rana irin na Afrilu, sai ka fara duba ta tun wata 3 zuwa 4. Ka watsa ruwa a bonet: idan ya shimfiɗe bai dunƙule ba, ko datti ya rufe feshin ko ya ƙare. Wanke ka sake gwadawa.

Shirin da aka yi wa fenti ya fi sunan kwalba tasiri. A wanke motar, a bi ta da lakar goge fenti (clay bar, wata laka ta musamman mai cire dattin da ya manne) har tafin hannu ya daina jin kaushi, sannan a share da sinadarin IPA (isopropyl alcohol, wani nau'in sifirit na goge-goge) da aka sirka da ruwa don cire tsohon folish. A yi aikin a inuwa, jikin motar da sanyi. In na Turtle Wax ne, feshi 2 ya ishi ƙofa guda: tawul ɗin maikirofaiba ɗaya na shafawa, wani busasshe na gogewa nan take. Yawan feshi ko ƙarfe mai zafi ne ke kawo zane-zane, baƙar mota kuwa ba ta rufa asiri. Kada ruwa ya taɓa ta sai bayan awa 24.

Abin da ke cinye feshin da wuri a nan shi ne garin omo a wajen wankin mota. Ka tafi da sabulun mota naka. Ruwan burtsatse in ya bushe a rana yana barin farin tabo, sai a tsane da tawul. Da hunturu kuma ka hana yara share ƙura da busasshen tsumma, a fara zuba ruwa tukuna.