Amsa: rubutun bango zane ne ko ɓarna?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko abin da samari ke fesawa a bangaye a Garwa ta Kamaru, wanda ake kira girafiti, fasaha ce ko ɓata gari. A ganina ya danganta da bangon wa aka taɓa.

Kalmar daga Italiyanci take, asalinta karce. Al'adar kuwa tsohuwa ce: a Pompeii ta Italiya, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tarar da sunaye da kalaman soyayya a jikin bango. Salon fenti na feshi da muke gani yau ya bunƙasa ne a biranen Filadalfiya da New York na Amurka a ƙarshen shekarun 1960 da cikin shekarun 1970, yara suna rubuta laƙabinsu a jikin jiragen ƙasa, daga baya ya haɗu da kiɗan hip-hop.

Amma mu ma ba baƙi ba ne a nan. Dubi bayan manyan motocin da ke tafiya Marwa da Kusiri: "Haƙuri maganin zaman duniya", "Sai da rai". Dubi "An hana fitsari a nan" a lungunan kasuwa, wani da Faransanci, wani da ajami. Ga kuma tsofaffin zane-zanen da aka sassaƙa a kan duwatsu a ƙauyen Bidzar kusa da garin Gidar.

Abin da ke min ciwo shi ne zagi a katangar makaranta ko ta masallaci. Na taɓa ganin dattijo yana kankare bangonsa da safe, ransa a ɓace. Idan ƙanenka yana da hannun zane, ya nemi izinin mai shago tukuna. Da yawa za su biya shi ma.