Tambaya da Amsa: Akori-kura mai fetur ko mai dizal, wacce ta dace da dakon kaya a Legas?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina kai buhunan albasa da dankali daga kasuwar Mile 12 zuwa Ikorodu da Agege, wani lokaci har Sagamu, kuma kuɗin hayar mota ya fara cinye mini riba. Na tara abin da zan sayi Hilux ta hannu, amma ina fargabar in zuba jarina kaf a motar da ba za ta iya aikin ba. Abokan sana'a sun ce in sayi mai dizal in ƙara mata sifirin, wai za ta ɗauki ninkin abin da mai fetur ke ɗauka. Haka ne? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Alhaji, fargabarka tana kan hanya, domin rabin shawarar da aka ba ka gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa shi ne yake kashe mutane a kan titi.

Gaskiyar ita ce injin dizal ya fi ƙarfin jan kaya tun daga tashi. Hilux mai fetur mai injin lita 2.7 tana ba da ƙarfin juyi kusan Nm 245 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyin inji), kuma sai injin ya yi ihu ya kai wajen juyi 4,000 a minti kafin a same shi, alhali mai dizal ta lita 2.8 tana haura Nm 400 tun injin yana wajen juyi 1,600. Shi ya sa take tashi da lodi a hawan gada ba tare da direba ya ƙona kuloci ba, kuma litarta ta fi nisa idan mota tana ɗauke da nauyi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, arhar fetur da ta sa kowa yake gudun dizal ta ragu ƙwarai. Sai dai gyaran mai dizal yana da tsada, kuma man jarka na bakin hanya da aka gauraya da kananzir ko ruwa yana iya lalata nozul da famfo cikin ɗan lokaci. Waɗanda aka shigo da su daga Turai masu matatar hayaƙi a salansa kuma ba sa jituwa da cunkoson titin Ikorodu, domin matatar tana buƙatar doguwar tafiya kafin ta ƙone baƙin hayaƙin da ta tara. Idan yawancin aikinka cikin gari ne, mai fetur ta ishe ka, kowane bakanike ya san ta, kayan gyaranta kuma suna nan birjik a kasuwar Ladipo. Idan kuwa hanyar Sagamu za ta zama ta kullum da cikakken lodi, to dizal ce za ta mayar maka da kuɗinka.

Batun ninka kaya shi ne wanda ya ishe ni, saboda kusan kullum sai an kawo mana mota gareji da gindi a zaune, mai ita yana alfahari cewa tana jan duk abin da aka ɗora mata. Ja daban, tsayawa daban. Kamfani ya ƙayyade wa Hilux kusan tan ɗaya, wato buhu 20 na siminti, kuma a cikin wannan lissafin har da direba da yaron mota da tayar safaya ta biyu da ake jefawa a baya. Abin da masu ba da shawarar ba su sani ba shi ne injin dizal ya fi na fetur nauyi, don haka wani lokaci abin da ya rage wa kaya a mai dizal bai ma kai na mai fetur ba.

Ƙarin sifirin ba ya ƙara wa mota komai face ɓoye alamar da take nuna maka cewa ta gaji. Birkin nan shi ne dai wanda aka ƙera domin tan ɗaya, haka taya, haka boris, haka ƙarfen aksil. Duk lokacin da aka ninka nauyi, zafin da birki zai sha kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa daidai gwargwado, idan kuma aka ninka gudu sai ya ninka sau huɗu. Da zafi ya yi yawa, man birki yakan tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar kuwa tana ci gaba da tafiya. Ga kuma nauyin da aka jibge a bayan tayoyin baya, wanda yake ɗaga gaban mota har sitiyari ya yi sakayau a hannu, ranar da aka yi ruwa kuma ya ƙi bin umarni.

Wani abin da ba a faɗa shi ne injin dizal ba ya riƙe mota a gangara kamar na fetur idan an ɗaga ƙafa daga totur, wanda shi ne dalilin da ya sa ake yi wa tireloli birkin salansa na musamman. Amma sai ka ga direba ya cire giya a gangarar gadar Otedola wai yana tattalin mai, da buhunan albasa sun haura kan mota, an ɗaure su da igiya. Mutanen Legas ba su manta da gobarar tankar mai a wannan gadar a watan Yunin 2018 ba, wadda aka danganta da tsinkewar birki. Ƙaramar mota ma haka take tsinkewa, sai dai ba ta shiga labarai. Masu tsare hanya kuwa takarda suke dubawa, lodin yana gabansu ba su ce uffan ba, kuma ranar da abin ya faru, mai gyaran sifirin ya riga ya karɓi kuɗinsa, kai ne za ka amsa tambaya a kan ran mai talla ko ɗan makarantar da ke tsallaka titi, a nan duniya da kuma gobe ƙiyama.

Saboda haka, Alhaji, ka fara auna kayanka kafin ka zaɓi inji. Idan lodinka na kullum ya kai tan biyu, ka bar zancen Hilux gaba ɗaya, ka nemi Toyota Dyna ko Mitsubishi Canter mai tayoyi biyu-biyu a baya, ko da za ka ƙara jira kuɗin su cika. Ranar da ka je duba mota, ka nemi ɗan allon kamfani da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet, ka karanta iyakar nauyin da aka rubuta, ka leƙa ƙarƙashi ka ƙirga sifirin ko an riga an yi ƙari, sannan ka sa a sauya man birki kafin ka ɗora mata buhun farko.