Waya ɗaya, aji cike da yara: amsoshin tambayoyin malamai

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon yawancinsu daga malaman makaranta suka fito, don haka na ware musu filin gaba ɗaya. Kusan kowa da kuka iri ɗaya ya zo: data ta yi tsada, wuta ba ta zama, yara sun yi yawa. Da wannan ma'aunin na auna duk abin da zan ba da shawara a kai. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet mai ƙarfi daga farkon darasi zuwa ƙarshe, komai kyanta, ba ta ajinmu ba ce.

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a ƙauye. Ba mu da ɗakin gwaji, sabis kuma sai an hau tudu. Akwai wata tsohuwar laftof a ofishin shugaban makaranta tana shan ƙura. Tana da wani amfani gare ni? (Wani malami daga Jihar Jigawa)

Amsa: Malam, tana da amfani ƙwarai, ka je ka roƙo a ba ka ita. Dabarar ita ce ka kai ta gari sau ɗaya, inda sabis yake da kyau, ka cika ta da kaya, ka dawo ka yi ta aiki da su har ƙarshen zango ba tare da ka sake sayen data ba.

Fara da PhET. Jami'ar Colorado Boulder ta Amurka ce ke kula da shi, Carl Wieman kuma, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Gwaje-gwajen kimiyya da lissafi ne da ake yi a fuskar kwamfuta, kyauta. Akwai wanda yaro zai ɗauko batir da waya da ƙwan fitila ya haɗa da kansa, ƙwan ya kama. In ya ƙara batir haske ya ƙaru, in ya yanke waya ya mutu. Kowane gwaji fayil ɗaya ne, ka sauke shi, ka buɗe da burauza ko babu intanet. Abin da nake so ka kiyaye shi ne yadda za ka yi amfani da shi. Kada ka tsaya kana dannawa yara suna kallo. Ka tambaye su tukuna: in na ƙara ƙwai na biyu a layi ɗaya da na farko, hasken zai ƙaru ko zai ragu? Su yi musu, su rubuta hasashensu, sannan ka kira ɗaya daga cikinsu ya zo ya gwada. Ilimin a wurin musun nan yake shiga. Kuma duk gwajin da za ka iya yi da batir na gaske da ƙwan tocila, ka yi shi da na gaske. Na kwamfuta ka bar shi ga abin da ido ba ya gani, kamar motsin ƙwayoyin iska idan an ɗumama ta.

Na biyu Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a cikin na'ura. Ta Hausa ba ta da nauyi. Ta Turanci cikakkiya mai hotuna ta fi ƙarfin tsohuwar laftof da aljihunka, don haka ka zaɓi ƙananan kashi-kashi da aka ware, kamar na fiziks ko kemistiri ko lissafi.

Na uku, kuma shi ne babba, Kolibri, na wata ƙungiya mai suna Learning Equality. An gina shi ne musamman don makarantun da ba su da intanet. Kana girka shi a laftof, ka sauke darussan da kake so, irin su bidiyoyin Khan Academy da gwaje-gwajen PhET da littattafan yara. A makaranta sai ka kunna hosfot na wayarka ko da babu data a ciki, ka haɗa laftof da shi, sauran wayoyi ma su hau. Kolibri zai nuna maka wani adireshi na lambobi, wanda duk ya rubuta shi a burauzarsa zai shiga ɗakin karatun da ke cikin laftof ɗin. Za ka iya buɗe aji, ka rarraba aiki, ka ga wanda ya yi da inda ya maƙale. Hosfot na waya ba ya ɗaukar na'urori da yawa, galibi wajen 10 ne, don haka in abin ya karɓu ku nemi ƙaramar rawuta, wato na'urar raba Wi-Fi. Wani daɗin kuma, malamin makarantar da ke maƙwabtaka da ku ba sai ya sake kashe data ba, zai iya kwafar darussan daga wurinka ta filash.

Kafin komai dai ka duba batirin laftof ɗin. In ya mutu, sauya shi ya fi kowace manhaja gaggawa.

Tambaya: Ni malamar Hausa ce a firamare. Idan na rubuta jarrabawa a waya na kai shagon buga takardu, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma ƙananan akwatuna. Sannan ina neman littattafan karatu na yara. (Wata malama daga Zariya)

Amsa: Malama, rubutunki lafiya lau yake. Kwamfutar shagon ce ba ta da salon harafin da kika yi amfani da shi, wanda ta musanya da shi kuma bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Maganin mai sauƙi ne: kafin ki tura, ki mayar da takardar PDF tun a wayarki. PDF yana tafiya da haruffansa a jikinsa, yadda kika gan shi haka zai fito. Ki hana mai shago sake buga miki rubutun da hannunsa, don a nan ne ake mayar da ƙasa ta zama kasa, yaro ya haddace kuskure daga takardar malamarsa.

A waya, Gboard yana da allon rubutu na Hausa, ki ƙara shi a jerin harsuna. In kina aiki da kwamfuta ki nemi salon harafi mai suna Andika, na ƙungiyar SIL. Don masu koyon karatu aka zana shi, kuma yana da haruffanmu duka, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa.

Littattafai kuwa, ki leƙa African Storybook na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, da Bloom Library. Duka suna da labarai da Hausa masu hotuna, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma an yarda ki sauke ki buga. Sai dai ki karanta kowane labari kafin ki kai aji. Da yawa fassara ce, wasu Hausarsu ta zauna daram, wasu kuma suna da kuren ƙa'idar rubutu da ba za ki so ɗan aji biyu ya gani ba. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Yana bin tsarin karatunmu kuma akwai darussa da Hausa a ciki.

Tambaya: Ɗalibaina 80, duk ƙarshen zango sai na kwana ina haɗa maki da kalkuleta. Akwai hanya? (Wani malami daga Gombe)

Amsa: Akwai, Malam, kuma wayarka ma ta isa. Sauke Google Sheets ko Excel. Sunaye a layin A mai gangarowa ƙasa, gwaji na farko a B, na biyu a C, jarrabawa a D, ka bar jere na 1 ga kanu, ɗalibi na farko ya fara daga jere na 2. A gidan E2 ka rubuta =B2+C2+D2, ka kwafe shi zuwa ƙasa har ɗalibi na ƙarshe. Don fitar da na ɗaya da na biyu, a F2 ka rubuta =RANK(E2,$E$2:$E$81). Alamar dalar nan kada ka bar ta, ita ke riƙe jerin a wuri ɗaya. In babu ita matsayi zai rikice yayin da kake gangarawa, ka zalunci yaro ba da niyya ba. Idan biyu suka yi kunnen doki a na uku, dukansu za su fito na 3, mai bi musu ya zama na 5. Masu Excel na Faransanci a Nijar da Kamaru RANG za su rubuta, su sa alamar ; a madadin waƙafi. In ka gama ka ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar.

Tambaya: Abokan aikina suna sa ChatGPT da Meta AI su rubuta musu tsarin darasi. Ni ma in bi sahu? (Wani malami daga Katsina)

Amsa: Ka yi amfani da su, amma kai ne malamin. Suna da amfani wajen kawo tambayoyin gwaji iri-iri a kan batu ɗaya, ko sauƙaƙa bayani mai tsauri. Ka faɗa musu ajin da shekarun yaran da tsawon darasin, ka kuma faɗa cewa allo da alli kawai gare ka, in ba haka ba za su tsara maka darasin da ke buƙatar majigi. Matsalarsu ita ce suna faɗin kuskure da irin ƙarfin gwiwar da suke faɗin gaskiya. Shekarar tarihi, amsar lissafi, sunan sarki, duk ka auna su da littafin da hukuma ta amince da shi da kuma tsarin karatu na NERDC, hukumar da ke tsara darussan makarantun Najeriya. Aya da hadisi kuwa kada ka taɓa ɗauka daga bakinsu, ka koma ga asali. Yana damuna in ga takardar darasi da malami bai ko karanta ba ya kai wa shugaban makaranta ya sa hannu. Yaran da ke gabansa su za su biya kuɗin wannan sakacin.

Tambaya: Ina so in buɗe zauren WhatsApp don tura wa ɗalibaina mata aikin gida. Me zan kiyaye? (Wata malama daga Sakkwato)

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki buɗe. A zaure kowa yana iya ganin lambar kowa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga 'yan mata. Ki sa lambobin iyaye maimakon na yaran, da sanin hukumar makaranta. Ki saita zauren yadda masu kula kaɗai ke iya turo saƙo, kuma kada ki yaɗa mahaɗin shiga. Ki riƙa ƙara mutane da hannunki. Sakamakon jarrabawa kowace uwa ki tura mata na 'yarta ita kaɗai. Hoton yara ma kada ya fita sai da izinin iyaye, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora neman yardar iyaye ko waliyyi a kan mai sarrafa bayanan yaro.

Wajen turawa, saƙon murya gajere da hoton allo mai haske sun fi bidiyo sauƙi ga aljihun iyaye, kuma uwar da ba ta karatun boko za ta ji abin da aka ce a yi. Sannan duk aikin da kika tura ki rubuta shi a allo kafin a tashi, saboda akwai gidajen da babu babbar waya, akwai kuma waɗanda wayar tana hannun uba, shi kuwa sai dare yake dawowa daga kasuwa.