Muzahara, zanga-zanga ko tarzoma: wanne ne daidai?

Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto yana cewa, bayan abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky, ya lura taro ɗaya ne ake yi a titin Abuja, amma wata kafa ta ce muzahara, wata zanga-zanga, wata tarzoma. Wai wacce ce Hausar daidai?

Malam, duka Hausa ce, sai dai kowacce da inda ta dosa. Muzahara aro ce daga Larabci, tushensu ɗaya da zahiri: a fito fili a nuna abin da ke zuci. Ita masu fitowar ke amfani da ita, don haka ɗan jaridar da ya ɗauke ta kamar ya ari bakinsu ne. Zanga-zanga tana tsaka-tsaki, ko da yake ba ta rasa ɗan ƙauri, shi ya sa muke liƙa mata "ta lumana" in muna son wanke ta. Tarzoma kuwa hukunci ce. Da ka ji ta, ka hango taya na cin wuta, ana jifa, 'yan kasuwa na ja da ƙofofin shaguna. In an kira taro tarzoma, an riga an ba mai kulki uzuri. A nan karin maganar nan ta zauna daram: mai ƙinka, ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura.

Amma ni inda na fi sa kunne shi ne sunan da ake ba kisan da ya jawo fitowar. Wasu suka ce arangama. Arangama karo ce ta ɓangare biyu, kamar raguna sun haɗa ƙaho, kowa na da abin bugu. Wasu suka ce kisan kiyashi. Kiyashi dai ƙananan tururuwan nan ne da ke yi wa kwanon sukari layi, tafin hannu ɗaya ya shafe ɗaruruwa. Kalmar na nuna yawa da rashin ƙarfin waɗanda aka kashe. Sojoji sun ce an tare wa ayarin Janar Tukur Buratai, babban hafsan sojojin ƙasa na lokacin, hanya. Gwamnatin Kaduna kuma ta shaida wa kwamitin bincike a 2016 cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a unguwar Mando da ke Kaduna, a ɓangaren soja kuwa kwamitin ya ƙirga mutum ɗaya. Mai karatu ya auna da kansa ko arangama za ta iya ɗaukar wannan lissafi.

Ka kuma tambayi ma'anar "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski". Wanzami ne ya karɓi kuɗi, ba shi da sauran damar ƙyamar kan. Haka gidan rediyon da ke cin abinci a hannun gwamnati, haka ma jaridar da ƙungiya ke ɗaukar nauyinta. Ban cire kowane ɓangare ba.